Zubeiru Mai Tanka da Motar Mars

A unguwar Kukuo akwai Zubeiru fiye da biyar, amma idan ka ce mai tanka, ba wanda zai sake tambayarka wanne. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana jan tankar ruwa ta wani Alhaji, yana kai wa unguwannin Tamale da famfo ke yi wa rowa. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa irin na tsofaffin direbobi, kuma ba shi da yawan magana sai in an taɓo zancen hanya.

A zango aka haife shi. Yana ɗan shekara goma sha shida ya bi wani direban lori, yana wanke masa mota, yana sa wa taya weji in an tsaya a kan hawa. Yana da ashirin da huɗu aka ba shi sitiyari. Daga nan ya yi shekara ashirin da ɗaya yana ɗauko albasa da gero daga wajen Bawku, sau da yawa ta hawan Nakpanduri, inda hanya ke nannaɗe a jikin dutse, fasinja su yi tsit kowa na addu'a a ransa. Bai taɓa kayar da mota ba. Yakan ce abin ba na ƙarfi ba ne, na ido ne: mutum ya dubi ƙasa ya san inda za ta riƙe taya da inda za ta sake ta. Da bayansa ya fara ciwo, matarsa Ashetu kuma ta gaji da zaman jiran labari, sai ya dawo gida ya karɓi tanka. Ƙanensa Issahaku, wanda shi ma magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, shi ke zama a gefensa yana kula da tiyo da injin tura ruwa.

Cikin mutanen da yake kai wa ruwa akwai wani dattijo a Kasalgu, sunansa Tetteh. Mutumin kudu ne, Kirista, aikin safiyo ya kawo shi Tamale tun yana saurayi, da ya yi ritaya kuma bai koma ba. Kowace Alhamis tanka ke zuwa gidansa. Tankinsa a sama yake, cika shi na cin kusan minti arba'in, shi kuwa Tetteh ya zauna ƙarƙashin mangwaro da wata babbar waya mai faɗin faranti, yana ta gogar ta da yatsa.

Wata Alhamis cikin watan Agusta na bara ya ɗago kai ya yafito Zubeiru, ya ce masa cikin Hausarsa ta kasuwa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, “Masta, zo ka gani mota wanda zai hau dutse ya fi naka na Nakpanduri.”

Zubeiru ya leƙa. Ƙasa ce ja-ja, tuddai bayan tuddai, duwatsu barbaje, babu ciyawa ko ɗaya. Ya ce wannan ai kamar wajen Bolga ne da rani. Tetteh ya yi dariya, ya ce ba a wannan duniyar ba ne ma, duniyar Mars ce. Ya bayyana masa cewa Amurkawa sun aika wata mota can, girmanta kamar ƙaramar mota, ƙafa shida gare ta, ba kowa a ciki. Ta fi shekara uku tana yawo a cikin wani ƙaton kwari mai kama da kwano, yanzu kuma za ta fara hawa bakinsa don ta fita. Ya nuna masa taswira, ga wani siririn layi yana lanƙwasa tsakanin tuddai, da ɗige-ɗige a duk inda ta tsaya.

Zubeiru ya tambayi wa ke tuƙa ta. Tetteh ya ce mutane ne a ofis. Tana aiko musu hotunan abin da ke gabanta, su zauna su duba, su zaɓi hanya, su aika mata umarni, sannan su jira su ga yadda ta kaya. Zubeiru ya ce in ta kafe fa, wa zai tura? Tetteh ya ce ba kowa. In taya ta lalace? Ba kowa. Zubeiru ya tsaya yana kallon hoton har Issahaku ya kira shi cewa tanki ya cika yana zuba.

Kafin su tafi ya miƙa wa Tetteh wayarsa, ya ce ya sa masa abin a ciki.

Tun daga ranar abin ya shige masa rai. Turancinsa bai wuce na allon hanya da na 'yan sanda ba, saboda haka rubutun bai dame shi ba. Sawun taya yake bi. A wurin ɗiban ruwa, inda tankoki kan yi layi na awa biyu ko uku, sauran direbobi na ƙarƙashin inuwa suna gardamar ƙwallo da ta zaɓe, shi yana cikin mota yana buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ga sawu ya fito raɗau, hankalinsa ya kwanta. Idan kwana biyu suka wuce layin taswirar bai ƙaru ba, sai ya kasa sukuni, ya yi ta tunanin ko yashi ya riƙe ta. Ashetu ta ce masa tunda take ba ta taɓa ganin mutum ya rame saboda motar da ba tasa ba, ba ta ubangidansa ba.

Wata rana a cikin Oktoba ya ga sawun ya dagule, ƙasar ta tattaru a bayan kowace ƙafa. Ya kira Tetteh a waya, abin da bai saba yi ba, ya ce motar nan santsi take yi, ƙasar ɓawo ce a sama, gari a ƙasa, in suka ci gaba da dosar hawan kai tsaye za su wahalar da ita. Gara su riƙa yanka shi a karkace, su je dama su dawo hagu. Alhamis ɗin da ta biyo baya Tetteh ya karanta masa bayanin masu motar: lallai tana zamewa, sun gwada hawa da baya, sun gwada yanka hawan a karkace, suna neman inda ƙasa ta fi ƙarfi. Tetteh ya tashi ya ba shi hannu. Zubeiru ya yi kamar abin ba komai ba ne, amma a hanya sai da ya maimaita wa Issahaku labarin sau biyu.

A wannan watan ne kuma hotunan suka fara dusashewa. Ya ce wa Tetteh gilashin kyamarar nan na neman gogewa. Tetteh ya ce wata rana haka sararin can yake, ba ya washewa. Zubeiru ya yarda. Ya goge fuskar wayarsa da gefen riga, ya ƙara mata haske, har ya kai ta wajen mai gyara ya canza mata gilashi.

Ran wata Juma'a da hantsi yana zaune a tsakar gida, Ashetu na tsince shinkafar wache, wato shinkafa da wake, da take sayarwa a ƙofar gida, sai ta leƙo ta kafaɗarsa. Ta ce wancan dutsen da ke gefen tudun kamar kan akuya, har da kunnuwa. Ya ce wanne? Ta sa yatsa a kai. Ta ce ga ma wasu ƙanana uku a bayansa, ga sawun motar taka can ya gangara har ƙasa. Shi bai ga komai a wurin ba sai ja-ja da duhu-duhu. Ya ce mata eh, haka ne, ya kashe wayar ya sa a aljihu.

Bayan an sauko daga masallaci ya je inda tanka ke fake, ya shiga ya rufe ƙofa. Ya buɗe hoton, ya rufe idon dama da tafin hannu. Ya ga dutsen, ko da yake bai ga kunnuwan ba. Ya rufe na hagu. Sai ya zamana kamar yana kallo ta cikin ruwan koko. Ya ɗaga kai ya dubi bishiyar da ke gaban motar, ita ma haka. Ya sake gwadawa, ya murza idon, ya sake. Ya daɗe a zaune da hannayensa kan sitiyari, gumi na bin bayansa.

Ya san sunan abin, don ya taɓa ganinsa a gidansu. Yana da shekara talatin yanar ido ta kama mahaifiyarsu, Mma. Aka kawo wani mai magani da ke yawo gari-gari, ya zaunar da ita a kan turmi, ya sa wani siririn ƙarfe a idon. Zubeiru ne ya riƙe mata kai. Kwana biyu tana murna tana ganin haske, a rana ta uku idon ya kumbura, ta yi sati tana kuka da ciwo. Ba ta ƙara gani da shi ba, ɗayan ma ya bi baya, ta yi shekara tara ana jan ta da sanda kafin Allah ya karɓi abinsa. Tun lokacin, ko kwalli wani ya nufo idonsa da shi sai ya kauce.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa ido ɗaya ma ya isa, ai hanyoyin Tamale ya san su kamar ɗakinsa. Amma tuƙi ya zama masa azaba. Da safe in ya fuskanci gabas, rana ta watsu a gilashi, komai ya yi fari fat. Garin kuma babura ne ko ta ina, mata da goyo, malamai da jakunkuna, ga kekuna masu ƙafa uku, yalo-yalo, masu kutsawa duk inda suka ga rata. Gefen dama, gefen da Issahaku ke zama, nan ne abin ya fi muni. Ya fara cewa, “Duba min wajenka,” a kowace kwana, abin da bai taɓa yi ba a da. Ya rage gudu har ana yi masa oda daga baya. In ya dawo gida wuyansa ya sanƙare saboda yawan juya kai. Ga lasisinsa zai ƙare a watan Janairu, ya kuma san sai an gwada ido kafin a sabunta. Abinci ya daina shiga. Ashetu ta tambaye shi ko motar Mars ce ta kafe, ya ce a'a, tana tafiya.

Sati uku ya yi a haka. Ran wata Talata da safe suna ɗauke da ruwa cike za su kai wata makaranta a Gurugu, ya zo zai karya kwana zuwa dama. Ya dubi madubi, bai ga komai ba, ya juya sitiyari. Issahaku ya daki gaban motar da hannu yana kiran birki. Ya taka. Ruwan da ke baya ya yi gaba ya dawo, motar ta yi girgiza kamar za ta tashi. Da suka sauko suka tarar da wata mata a bakin kwata, babur ɗinta a kwance, kwandon tumatir ya tarwatse a kan kwalta. Tsakanin ƙafarta da tayar baya bai kai taku ɗaya ba. Ta ƙuje a gwiwa da hannu. Ta tashi tana zazzaga masa faɗa da Dagbanci, tana cewa tun daga nesa take danna masa oda, ko makaho ne aka ba mota. Jama'a suka taru, aka tattara mata tumatirin, aka ba ta haƙuri, Issahaku ya raka ta kantin magani aka wanke ciwon. Zubeiru na tsaye jikin motar, yana ta cewa, “Yi haƙuri, Hajiya.”

Issahaku ya dawo, ya zagaya ya hau kujerar direba. Sun yi nisa kafin ya buɗe baki.

“Yaya, tun yaushe?”

“Tun kafin ruwan sama ya ɗauke.”

“Na dama?”

“Na dama.”

Issahaku ya ce ko dai shi Zubeiru ya gaya wa Ashetu yau, ko shi ya gaya mata. Kuma ba zai sake zama a gefensa ba sai likita ya duba shi.

Da ta ji labarin, Ashetu ba ta yi faɗa ba, wannan ma ya fi damunsa. Ta zauna kan kujera 'yar tsugunne, ta ce dama ta lura yana lalube in zai ɗauki buta. Ta ce gobe su je asibiti. Ya ce ba inda za shi, ya ga abin da taɓa ido ke jawowa. Ta ce Mma ba asibiti aka kai ta ba. Ya tashi ya bar mata wurin.

Ranar Alhamis Issahaku ya kai wa Tetteh ruwa shi kaɗai, ya kuma faɗa masa dalili. Da la'asar sai ga dattijon a kan tsohon babur ɗinsa a ƙofar gidan Zubeiru. Ya cire tabarau, ya buɗe idanunsa da yatsu, ya ce Zubeiru ya matso ya duba. Ya ce duka biyun an yi masa aikinsu shekara shida da suka wuce, a nan Tamale, kuma da su ne yake ganin hotunan da suke kallo tare. Ya ce tun ranar da Zubeiru ya ce kyamara ta yi datti ya kamata ya gane, laifinsa ne da bai gane ba. Zubeiru ya tambaye shi ko ana jin ƙarfen. Ya ce ba a jin komai sai sanyin ruwa, kuma ba ƙarfen da yake tunani ba ne. Ya ce ran Litinin zai zo ya ɗauke shi, in ya ƙi kuma zai zauna a ƙofar gidan har unguwa ta tambayi lafiya.

Suka je. Likitar mace ce, ba ta kai 'yarsa Shamsiya da ke aure a Kumasi shekaru ba, wannan ma bai kwantar masa da hankali ba. Ta haska idon, ta ce yanar ido ce a duka biyun, ta dama ta nuna, ta hagu ta fara. Ta ce aikin ba mai wuya ba ne, kullum suna yinsa. Amma da aka auna shi aka ga jininsa ya hau sosai. Ta ce ba za ta taɓa idon ba sai ya sauka. Ta rubuta magani, ta ce ya dawo bayan sati biyu, kuma kada ya kusanci sitiyari.

Sati biyun nan sun fi komai tsawo a rayuwarsa. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa wuni a gida ba, ga shi zaune a tsakar gida yana jin ƙarar tankoki na wucewa a titi, yana gane kowace da muryar injinta. Alhaji mai motar ya aiko da gaisuwa, ya ce Issahaku ya riƙe kafin a ga yadda Allah zai yi. Zubeiru ya yi ta juya wannan “kafin a ga” a ransa. In aikin ya ɓaci fa? In na hagun ma ya bi? Wa zai riƙa kai shi masallaci? Duk lokacin da ya tuna, sai ya ji kansa na sarawa, ya san jinin na hawa, tsoron hawansa kuma ya ƙara hawar da shi.

Wayar ma ta fara gajiyar da idon hagun, sai Ashetu ta karɓa. In ta sallami masu sayen wache na safe, ta zauna kusa da shi ta buɗe hotunan tana faɗa masa abin da ta gani. Ita duwatsu ke burge ta, wannan kamar tukunya, wancan fari ne tas a cikin jajaye. Shi kuwa ya ce ta bar duwatsu ta dubi sawu: ya yi zurfi ko bai yi ba, a miƙe yake ko ya karkace, layin taswira ya ƙaru daga jiya? Da farko ba ta gane abin da yake nufi, har su yi 'yar cacar baki. Kafin sati ya ƙare ta fara cewa da kanta, yau ƙasar da ƙarfi, ba ta zame ba. Wata rana hoto bai zo ba sam, ta ga yadda ya shiga damuwa, washegari tun kafin ta ɗora tukunya ta duba ta ce masa ta motsa.

Da suka koma jinin ya sauka, amma da ƙyar. Aka sa masa rana a farkon Disamba. Da safiyar ranar yana kan benci da wasu tsofaffi shida, an ɗiga masa magani, an manna masa farin filasta a saman girar dama. Aka kira na farko, aka kira na biyu. Sai ya miƙe ya ce zai je ya kama ruwa. Ashetu ta dube shi, ta ce banɗaki na ta nan, ƙofar fita ce ta can. Ya tsaya a tsakiyar baranda ya kai minti guda, sannan ya dawo ya zauna. Ta riƙe gefen rigarsa har aka kira sunansa.

Bai kai rabin awa a ciki ba. Ya ga haske mai ƙarfi, ya ji sanyin ruwa, ya ji likitar na hira da nas a kan tsadar doya. Yana ta karanta duk abin da ya zo bakinsa. Washegari aka cire bandejin. Da farko hawaye ne kawai da ƙaiƙayi. Can sai ya ga ƙofa, ya ga lambobin da ke jikin kalanda, ya ga furfura a gefen ɗankwalin Ashetu wadda bai san ta yi yawa haka ba. Ya riƙe hannun kujera da ƙarfi.

An hana shi sunkuyawa da ɗaukar kaya da ƙura wa waya ido. Yana cikin wannan hutun ne Tetteh ya bugo ya ce motar ta kai saman bakin kwarin, bayan wata uku da rabi tana hawa. Zubeiru ya yi hamdala, sannan ya tambayi yaya ɗaya gefen yake. Tetteh ya ce gangare ne, da wasu tuddai a gaba. Zubeiru ya ce to ai yanzu ne za a yi hattara, sauka ta fi hawa cin mota.

A ƙarshen Janairu ya je gwajin lasisi da sabon tabarau. Ya karanta layukan har na kusa da ƙarshe, aka buga masa hatimi. Alhaji ya ce ya koma bakin aikinsa. Amma ranar farko da ya zauna a kujerar, kowane babur ya gani sai ya ji kamar ƙarƙashin motar zai shige. Shi da kansa ya ce su raba: Issahaku ya ja da safe lokacin cunkoso, shi ya karɓa in rana ta ɗaga. Haka suke yi har yanzu. A layin ɗiban ruwa yana nan cikin mota da wayarsa, har wasu direbobi biyu sun fara leƙowa suna tambayar inda ta kai.

Saura idon hagu. An ba shi Talata ta biyu bayan ƙaramar Sallah. Ya riga ya fara cewa ai wannan bai dame shi sosai ba, ana iya bari sai bayan damina. Ashetu ba ta yi masa musu ba. Ta dai karɓe katin asibitin ta sa a ƙasan akwatinta, ta kuma gaya wa Issahaku ranar, don kada ya karɓi aikin kowa da safiyar.